Neman shawara: tseren moto a daji bayan girbi, ta ina za mu fara?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Mu wasu matasa ne a nan Damagaram, mun haɗa kai za mu shirya tseren moto a bayan gari idan an gama girbi, can wajen hanyar Mirya inda akwai rairayi da duwatsu da ɗan kwari. Ba irin ɗaga ƙafar gaba da ake yi a kwalta ranar ɗaurin aure ba, tsere na gaske, da wurin tashi da wurin ƙarewa da mai riƙe agogo. Ina cikin masu shiryawa, kuma ni ma zan hau.

Motona Yamaha DT 125 ne, tsohon na furoje, injin lafiya lau. Na tara ƴan kuɗi, abokai suna ta zuga ni in kai a buɗe silinda a sa babban fistin, a huda salansa, wai zai ƙara wuta. To kuɗin nan a inji zan zuba su ko akwai inda ya fi? Sannan in na shiga rairayi mai zurfi kan moton sai ya kama rawa, yaya ake da shi? Mu kuma masu shiryawa, wa ya kamata mu fara gani? Allah ya saka.

Makanikin Sabon Gari:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka bari kowa ya taɓa salansar nan. DT inji ne mai bugu biyu, kuma kumburin da kake gani a tsakiyar salansa ba ado ba ne. Shi yake mayar da iska da man da suka so su tsere ya cusa su cikin silinda kafin fistin ya rufe ƙofar. Ka huda shi, ƙara ce za ta ƙaru, ƙarfi ya ragu. Babban fistin kuwa, in ba a daidaita kafireta da shi ba, man da ke shiga zai yi kaɗan, injin ya ɗau zafi. Iska ce kawai take sanyaya shi, a rairayi kuma kana tafiya a hankali inji yana ihu. Nan ne fistin yake kamewa, ka turo moto da ƙafa yara suna bin ka da dariya.

Abin da ke kashe inji a ƙasarmu ƙura ne. Filtar iskarka ta soso ce: ka wanke ta, ka bar ta ta bushe sarai, ka jiƙa ta da mai, ka matse a tafin hannu, kar ka murɗa ta don tana yagewa. Sannan ka shafa giris a bakinta inda take haɗuwa da akwati, don ta wannan ɗan tsagin yashi yake satar hanya. Ka sayi ta biyu ka jiƙa ka ƙulle a leda, a tsakiyar tsere ka canza. Bayan gwaji ka kwance buji ka duba bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa, daidai ne. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kar ka shiga tsere a haka. Ka kuma tabbata famfon da ke tura man inji yana aiki, don a tsofaffin DT shi ne yake mutuwa ba sallama.

Kuɗinka ka kai su ƙafafu. Taya mai manyan haƙora, inci 21 a gaba, 18 a baya, da tub mai kauri saboda ƙayar aduwa da bagaruwa. Iska ka rage ta zuwa wajen kilo 1 a ma'aunin masu faci, taya ta baje a kan yashi. Amma in ka rage iska dole ka sa ƙarfen nan da ke danne bakin taya a jikin janti, in ba haka ba taya za ta zame ta ja tub ta tsinke bawul. Ɗan noti na bawul ɗin ma kar ka ɗaure shi har ƙasa, ka bar shi sako-sako, da ka ga bawul ya karkace ka san taya ta fara zamewa. Wayoyin ƙafa ka bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa da sifana, wadda ta yi amon da ya bambanta da ƴan uwanta ta saki. In kana son ja, ka ƙara haƙori 2 ko 3 a faifan kaca na baya. Kaca kuma ka goge rarar mai, jiƙaƙƙiyar kaca yashi take tarawa ya ci haƙoran.

Mai kabu-kabu:
Maigida, mu masu Kasea da Haojue fa? Ko tseren na ƴan gata ne? Kullum muna cikin yashin Kara-Kara da fasinja da buhu a baya, ba mu faɗi ba.

Ɗan Birni:
Kuna ciki mana, yaya. Amma ban da buhu.

Baba tsohon direba:
Ɗana, abin nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, ku ne dai ba ku tarar ba. Tseren Paris-Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro ya tashi daga Faransa ranar 26 ga Disamba 1978, ya ratso ta Arlit da Agadas da Yamai. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka ga Dakar. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT 500 yake. A 1986 ayarin ya sauko ta Dirku da Agadem har nan Damagaram kafin ya wuce Yamai, kuma a wannan tafiyar ce Sabine ya mutu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Mali, ranar 14 ga Janairu. A 2000 an so a sake biyowa ta nan, sai maganar tsaro ta sa aka kwashe su a jirgin sama daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. Daga baya tseren ya bar Afirka gaba ɗaya, 2009 Kudancin Amurka, 2020 Saudiyya.

Ka lura da lissafin farko, fiye da rabi ba su kai ba. Ka shirya don ka kai ƙarshe tukuna, maganar na ɗaya ta biyo baya.

Batun rawar kai kuwa, laifin hannunka ne. Ka taɓa ganin mahayin ƙwarai ya ƙanƙame linzami a sukuwa? Da cinya yake riƙe doki. Haka za ka yi: ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, ka matse tanki da gwiwa, ka ja jikinka baya, hannu ya yi laushi. Kan zai yi ta wutsil-wutsil, ƙyale shi, da kansa yake komawa daidai. Kar ka saki totur don tsoro, da ka saki nauyi ya koma gaba, ƙafar gaba ta nutse, kai kuma ka wuce ta saman ƙaho. Giya ta biyu ko ta uku, wuta daidai ba yankewa, ido can nesa inda za ka, ba gindin taya ba. Birkin gaba a yashi sai da lallashi.

Sarkin Wuta:
Da girmamawa Baba, amma zamani ya canza. Tsere ƙarfin inji ne. KTM, kamfanin ƙera babura, ta ci Dakar sau 18 a jere daga 2001 zuwa 2019, da lallashi ta ci? Ɗan Birni ka buɗe injinka kawai, kar tsofaffi su sa ka zo na ƙarshe.

Makanikin Sabon Gari:
Yaro, tun 2011 aka taƙaita baburan Dakar a 450cc, manyan kamfanonin duk girman injinsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wa zai yi mako biyu bai lalace ba, bai ɓata hanya ba. Ross Branch ɗan Botswana ya zo na biyu a 2024 a kan Hero, kamfanin Indiya, ya bar masu KTM a baya. Kuma su in inji ya kame akwai babbar mota cike da kayan gyara tana bin su. Shi Ɗan Birni wa ke bin sa, kai?

Sarkin Wuta:
Za mu haɗu a fili.

Anti ma'aikaciyar jinya:
Ni ba ruwana da fistin. Ni ake kawo wa ku bayan an gama tafi. Ƙanena, kafin taya kafin komai, hular kwano mai rufe haɓa, wadda ke da tambarin gwajin inganci na Turai, ECE, a madaurinta, ba irin ta roba da ake ratayawa don jami'an hanya ba. Hular da ta taɓa dukan ƙasa da ƙarfi ta gama aiki ko da ba ka ga tsagewa ba, don farin abin da ke ciki sau ɗaya yake shanye bugu. Sai tabarau mai rufe ido, safar hannu, abin kare gwiwa, da takalmi mai tsawo da ke riƙe idon sawu. Wanda ya zo da silifa ko rawani kawai, ku hana shi tashi ko ɗan wane ne.

In mutum ya faɗi bai tashi ba, don Allah kar a taru a ciccibe shi, kar a fizge hular, kar a ɗura masa ruwa. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kar ya motsa, wani ya tsayar da masu zuwa a baya, a kira ma'aikacin lafiya. Ƙashin wuya in ya tsage, ɗaukar gaggawa ce take ƙarasa shi. Wanda kuma ya bugu a kai ya miƙe yana cewa ba komai, amma yana maimaita tambaya ɗaya ko yana amai, tserensa ya ƙare, likita za a kai shi. Ku tanadi mota a buɗe da ma'aikacin lafiya tun kafin a tashi, direban ya san hanyar da za ta fitar da shi kwalta.

Ku yi shi cikin sanyi, Disamba ko Janairu, da safe. Afrilu da Mayu zafin nan yana haura digiri 40, mutum cikin hula da riga mai kauri sai ya sume a kan moto. Ruwa kuma tun jajibiri ake fara sha.

Manomi daga yankin Mirya:
Kuna ta maganar taya, ba wanda ya tambayi ƙasar wa za a taka. Abin da ɗan birni yake kira daji, gonar wani ce. Bayan an cire gero akwai wake da ya saura, akwai karan da aka tara, akwai tushiyar kara a tsaye da in ka faɗa kanta sai ta huda ka. Akwai rijiyoyin lambu marasa baki. Kuma da hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki, garken shanu da raƙuma za su gangaro daga arewa. Moto goma su keto cikin garke, wa zai biya?

Ku fara da mai gari, da ƙafarku, da goronku. Shi zai haɗa ku da masu gonaki da ardon Fulani, ya ba ku yaron da ya san kowane rami. Kar kuma ku sa ranar Lahadi, ranar kasuwar Mirya ce, amalanke da jakuna da mata da kaya a ka sun cika kowace ƴar hanya tun asuba.

Malam na ofis:
Maganar Manomi ita ce farko, sai takarda. Ku rubuta wa magajin garin da filin yake ƙasarsa, ku sanar da jandarma, da rana da awa da zanen hanya da sunayen mahaya. Kun san yadda ake kallon taron babura a daji yanzu. An hana hawan moto a jihar Diffa a 2015, aka yi haka a sassan Tillaberi a 2020. Kar wani ya hango ƙura ya buga waya a zo muku da abin da ba ku zata ba. Kowane mahayi ya zo da takardun motonsa, ƙaramin yaro kuma ban da shi.

A karon farko ban ba ku shawarar doguwar hanya ba. Ku yi zagaye na kilomita 3 zuwa 5 wanda za ku iya sa mutum a kowace kwana. A gasar duniya ta motokuros, wato tseren moto na zagaye a kan ƙasa, ma minti 30 ake yi da ƙarin zagaye 2, kuma ƙwararru ne suke sauka hannu ba ya damƙuwa. Ku minti 20 ya ishe ku. Ku raba aji, masu DT da Honda XL daban, su Mai kabu-kabu daban. Kar a tashi gaba ɗaya, ƙurar hunturu ba za ta bar na baya ya ga komai ba, a riƙa sakin biyu-biyu da tazarar rabin minti ana rubuta lokaci. Tuta rawaya hatsari a gaba, a rage gudu, ba wucewa. Ja, kowa ya tsaya. Ƴan kallo a ja musu igiya nesa, kuma kar a bar kowa ya tsaya a bayan kwana ta waje, nan moto yake zuwa in ya ƙwace. Mutum ɗaya ya bi bayan na ƙarshe don a tabbata ba a bar kowa a kwari ba.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Salansa ta tsira. Hula da takalmi zan fara saya, abin da ya rage na taya. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu je gaida mai gari. Maigida, saura abu ɗaya: man kwalba na bakin hanya zan iya shiga tsere da shi, kuma tanki ɗaya zai kai?

Makanikin Sabon Gari:
Ka sha a gidan mai. In dole ta sa ka sayi na kwalba, ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka kuma sa ƴar filta a tiyo tsakanin tanki da kafireta. Tsere na minti 20 tanki ɗaya ya yi yawa ma, kar ka cika shi, nauyi ne a gaba. Amma yashi yana shan mai fiye da kwalta nesa ba kusa ba, don haka ka auna da kanka: ka cika, ka yi zagayen sau uku da gudun tsere, ka sake cikawa da kwalbar lita ka ga abin da ya tafi. Ka kawo mini shi ranar Laraba in duba shokozoba da belin kai, Alhamis kasuwa ce ba ni da sukuni. Ka wanke shi kafin ka zo.