Turanci ya tare ni sau biyu, don Allah malamai a taimaka da shawara

Ɗan Taura:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema gurin waɗanda suka riga mu, musamman in akwai malamai a nan. Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Taura, shekarata biyu da gama sakandare. WAEC ɗina ta farko na samu kiredit shida har da lissafi amma Turanci D7. Bara na sake zama, sai da baba ya fitar da riɗin da ya ajiye ya kai Gujungu aka sayar aka biya mini, Turanci ya sake fitowa D7. Aikin jinya nake son karanta a Birnin Kudu kuma kowa ya sani in ba kiredit a Turanci ko takardunka ba za a kalla ba.

Abin da yake cin raina wallahi ba wai ba na karatu ba ne. Littafin tsofaffin tambayoyi har bangonsa ya cire saboda juyawa, ina da wani littafin daban da na cika da kalmomi daga kamus, in na dawo daga gona na yi isha'i sai in kunna fitilar sola in ta hadda har barci ya kwashe ni. Tambayoyin zaɓi ina taɓukawa. Amma da an zo auna fahimta da taƙaitawa shi ke nan, sai in karanta labarin sau uku, kalmomin ɗai-ɗai na san da yawa amma in an haɗa su ban san inda zancen ya dosa ba, ƙarshe sai in nemo jimlar da ta yi kama da tambayar in kwafe ta gaba ɗaya. Garinmu ba mai lesin, ba wanda zan yi Turanci da shi, in ka gwada ma a majalisa sai a ce iyayi kake. Abokaina suna ta cewa in tara kuɗi in je irin santar nan da ake rubuta wa mutum amsa a allo, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan yi?

Malamin ƙauye:

Wa alaikumus salam ƙanina. Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar je-ka-ka-dawo, kuma abin da ka faɗa kusan kullum sai na gani. Tun daga inda ka ce kana kwafo jimla na gane inda makinka yake zubewa.

Ka fara sanin yadda aka raba makin. A WAEC takarda uku ce. Ta zaɓi tambaya 80 cikin awa ɗaya, ta furuci tambaya 60 cikin minti 45, sai babbar wadda ake rubutu da hannu, awa biyu, maki 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. To ka ga inda nauyin yake, kai kuma duk ƙarfinka ka kai shi kan zaɓi da haddar kamus.

A taƙaitawa mai makin ba ya son ya ga jimlar marubucin, so yake ya ga ka fahimta ka faɗa da bakinka. In ka kwafo ta yadda take an rage maka ko a hana ka gaba ɗaya, in ka rubuta guntun zance wanda ba cikakkiyar jimla ba nan ma an rage, in ka cusa misalai da ƙarin bayanin da ba a tambaya ba haka. In an ce jimla shida to shida, kowacce da batu ɗaya. Abin da nake sa ɗalibaina: ka karanta sakin layi ɗaya, ka kife littafin, ka faɗa wa kanka da Hausa me mutumin nan yake cewa, kamar ƙaninka ne ya tambaye ka. In ka kasa faɗa da Hausa to ba ka gane ba, koma ka sake. In ka iya, sai ka mayar da shi Turanci mai sauƙi a jimla ɗaya gajeriya. Sakin layi biyu kullum ya ishe ka, amma fa kullum.

Sai nahawu, nan zan ɗan tsaya domin yawancin kurakuranmu Hausa ce take leƙowa ta cikin Turancin. Mu muna cewa Audu ya tafi, sai yaro ya rubuta "Audu he went", saboda ya saba da wannan "ya" ɗin. Mu aikatau ba ya sauya kama don lokaci, na tafi, zan tafi, nakan tafi, a gabansa ake sauyin, su kuwa kalmar ce da kanta take juyewa, "go, went, gone", shi ya sa za ka ga yaro ya fara ba da labarin bikin da aka yi bara da "went", layi uku ya koma "go". Muna da aro guda ɗaya, su suna da "borrow" da "lend". Muna shan magani, su "take" suke cewa. Muna jin magana, jin yunwa, jin ƙanshi duk da ji ɗaya, su kowanne da kalmarsa. Ga kuma ɗan "s" ɗin nan na "he goes" da ake mantawa. Kada ka raina su, a insha'i maki 10 aka ware wa tsabtar rubutu, kowane kuskure rabin maki ne, kuskure 20 ka cinye su tas, kuma a rubutun kalma 450 yaro yakan yi ashirin ɗin tun bai gama shafin farko ba. Gara ka yi gajerun jimloli da kalmomin da ka tabbatar da su da ka ɗauko wata ƙatuwa daga kamus ka ajiye ta inda ba gurinta ba.

Maganar santa kuwa ka bar ta. Ko ba a kama an riƙe sakamakon ba, aikin jinya ka ce, takardar magani da Turanci take zuwa, ran mutum ne a hannunka.

Maman biyu:

Ƙanina Allah ya dafa maka, labarinka ya tuna mini da kaina. Ni sai bayan na yi aure na haihu na gyara nawa, ina wani ƙauye a ƙasar Gaya. Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne sai dai zan ƙara abu ɗaya, littafin kalmomin nan naka ka sauya masa tsari. Kalmar da ka ɗauko ita kaɗai daga kamus ba ta zama, kamar ka tsinko ganye ne ka dasa. Ni maigida nake roƙo in ya shiga Wudil ran Juma'a ya karɓo mini tsofaffin jaridu gurin masu tsire, wasu har da maiƙo a jiki, in zaɓi labari ɗaya wanda na riga na ji a rediyo da Hausa, misali na ambaliya ko tsadar taki, tunda na san zancen sai Turancin ya zo da sauƙi. In na ci karo da baƙuwar kalma ba na saurin buɗe kamus, sai na fara cankar ma'anarta daga maƙwabtanta sannan in duba, in na rubuta kuma da jimlarta gaba ɗaya nake rubutawa. Wannan ya taimake ni sosai a tambayar nan da ake cewa ka kawo kalmar da za ta maye gurbin wata, domin ba ma'ana kaɗai ake dubawa ba, sai ta zauna daidai a jimlar, in ta asalin ta lokacin da ya wuce ce taka ma ta zama haka, in jam'i ce jam'i.

Kuma ka daina jin kunyar majalisa. Ni da yarana nake yi ina tuƙa tuwo, ba su gane komai amma bakina ya saba. C5 na samu.

Na Ringim:

Ni dai tawa gajeriya ce yayana, lokaci. Sau da yawa ba rashin sani ba ne, mutum zai zauna kan insha'i har awa ɗaya da rabi sai a ce saura minti goma bai taɓa taƙaitawa ba, maki 30 sun tafi a banza. Ka riƙa sa agogon waya kana gwaji a gida, insha'i kar ya wuce minti 50. Kuma ka fara karanta tambayoyin kafin labarin, sai ka san me kake nema. In JAMB na gabanka ita kuma a kwamfuta ce, Turanci tambaya 60 sauran darussa uku 40-40, duka cikin awa biyu, ka samu ko sau uku ka shigo gari ka taɓa kwamfuta kafin ranar, na ga wanda hannunsa yake rawa kan linzamin kwamfuta har lokaci ya ƙwace masa.

Ɗan Taura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Malam wallahi ban taɓa sanin kwafowa rage maki take ba, ni a zatona in na ɗauko maganar marubucin ai ba zan yi kuskure ba, shekara biyu haka nake yi. Daren jiya na gwada abin da ka ce da wani labari a kan zaizayar ƙasa, sakin layi na farko sai da na kife littafin sau huɗu kafin na iya faɗarsa da Hausa, na biyu sau biyu. Anti in Allah ya kai mu Lahadi zan nemo jaridun a Gujungu. Abin da ya rage mini shi ne wanda zai duba insha'in, domin ni ba na ganin kuskurena. Malam in na rubuta na ɗauki hoto na turo, za ka samu dama ka duba mini ko sau ɗaya a sati?

Malamin ƙauye:

Turo, ba komai. Fara da wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan matsalar ruwan sha a garinku, kalma 450, ka tsallake layi ɗaya-ɗaya don in samu gurin gyara. Ka ɗauki hoton da rana a waje, na fitilar sola ba ya fitowa sosai.