Neman shawara: lens mai faɗi don jere da dina

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum manyanmu. Ina aiki da kyamara Canon 250D da lens ɗin da ta zo da shi, 18-55. A fili lafiya lau. Amma ranar Asabar aka kira ni ɗaukar jere, ɗakin amarya ɗan ƙarami, gado ya cinye rabinsa. Na yi ta ja da baya har na manne da bango, gado da madubi da wadirof suka ƙi shiga tare. Uwar amarya da ta ga bidiyon cewa ta yi kamar na ɓoye musu rabin kaya. Wallahi na ji kunya. Yanzu an kawo min guda biyu na hannu, Canon 10-18 da Tokina 11-16, kuma Tokina ya fi tsada. Aikina kamu ne da jere da dina. Wanne zan ɗauka?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba hannunka ba ne, sensa ce. Ta 250D ƙarama ce, duk lambar da ka gani a jikin lens sai ka ninka ta da 1.6. Wato 18 ɗinka kusan 29 ne a babbar kyamara irin 6D, 10 kuwa ya zama 16. Tazarar nan a ƙaramin ɗaki ba wasa ba ce. Ni 10-18 zan ce ka saya. Giram 240 ne kawai, yana da IS mai rage rawar hannu, kuma fokas ɗinsa STM ne, ba ya gurnani a cikin sauti. Sannan tambaya: da 4K ka ɗauka? In haka ne kai ka ƙara wa kanka, don 4K na 250D yana sake yanke gefen hoto, fokas ma ya yi nauyi. Koma 1080.

Ɗan Tudun Wada: Kash! Da 4K ne, Yaya. Na ɗauka burge su zan yi.

Na Sabon Gari: Baban Hanifa, da girmanka, amma ka manta ya ce yana zuwa dina. 10-18 daga f/4.5 yake farawa, kana zuƙowa ya koma f/5.6. Tokina kuwa f/2.8 ne daga farko har ƙarshe, kuma hasken da f/2.8 ke sha ninki huɗu ne na f/5.6. Inda mai Tokina ke kan ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 800, kai kana 3200, fuskar amarya duk yashi. Kun san holunan yanzu, ango da amarya na shigowa sai a kashe fitilu a bar masu shuɗi da ja suna wulgawa. Laifin Tokina uku na yarda: ya ninka 10-18 nauyi, ba shi da IS, tsohon samfurin kuma motarsa na ƙara. Ni da hannu nake juya fokas, a 11 kusan komai fes yake fitowa.

Maman Ilham: Ni da nake shiga har ƙuryar ɗaki wurin kamu, bari in faɗi abin da ba ku faɗa ba. Ko wanne ka saya, kada ka bar mutum a gefen hoto. Lens mai faɗi yana jan abin da ke gefe. Na taɓa ɗaukar wata gwaggon amarya a 10, tana can ƙarshen layi, ta fito kamar an ƙara mata mutum guda. Har yau in mun haɗu a biki da ƙyar take amsa gaisuwata. Amarya a tsakiya, kada ka kusanci fuska, in ba haka ba hanci ya yi gaba. A jere kuma ka riƙe kyamara daidai ƙirji, a miƙe. Kana ɗaga kanta sama ko ƙasa, wadirof zai karkace kamar zai faɗo. Hoton kwalliya dai ka bar wa lens 50mm.

Mai Gyara: Tunda na hannu ne, je da kyamararka. Buɗe murfi gaba da baya, haska tocilan waya ta ciki. In ka ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. 'Yar ƙura ba komai. Juya zoben zum ka ji ko yana cijewa, ka ɗauki jarida a bango ka duba kusurwa huɗu. Wani abu kuma, 10-18 EF-S ne, ba ya hawa 6D ko 5D sam. Tokina zai hau, amma gefe zai yi baƙi sai wajen 16. Hunturu na tafe, ka sa masa filta: mai faɗin 67mm ga Canon, 77mm ga Tokina.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya saka da alheri. To ni dina ɗaya ko biyu nake samu a wata, jere da kamu sun fi yawa. Gimbal ma, wato marikin da ke hana kyamara rawa, ba ni da shi tukuna.

Baban Hanifa: To ka ba wa kanka amsa. Ba gimbal, da hannu kake zagaya ɗaki, IS kake buƙata. Ɗauki 10-18, canjin da ya rage ka sayi fitilar LED mai batir ka ɗaura a saman kyamara. Ka sa firam 25 a daƙiƙa da shota 1/50 saboda wutarmu 50Hz ce, kada ƙwai ya riƙa kyaftawa a bidiyo.

Na Sabon Gari: Na sallama, amma ranar dina ka zo ka ari Tokina na ka gwada. Ka dawo min da murfinsa, wancan yaron har yau bai kawo ba.