Kyamarar sola mai layi, ko DVR mai waya, ko jiniya kawai? Ni zan haɗa da kaina, ku ba ni shawara

Ɗan Damba:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a taimaka min da shawara. Na tare a gidana wajajen Damba nan Gusau wata biyar kenan, unguwar har yanzu kangaye sun fi gidajen da aka shiga yawa, hagu da ni kango ne bayana kuma fili. Daren Talatar da ta wuce wani ya hauro ta kangon nan ya kwance min batirin sola guda ɗaya da ɗan injin da ke tura ruwa tanki, wallahi ko motsi ban ji ba, sai da na fito alwalar asuba na ga wayoyi na reto. Har silifas ɗinsa ƙafa ɗaya ya bar min a gindin katanga.

Na je shago an nuna min abu uku. Akwai kyamarar nan mai farantin sola a kanta da ake sa ma layi, kana kallo a wayarka duk inda kake. Akwai saiti mai kyamara 4 da DVR, wato injin da ke ajiye bidiyon, da wayoyinsa. Sai kuma ƙararrawa mai jiniya da ake manna ma ƙofa, in an buɗe ta yi ihu ta kira lambarka. Mai shagon duk wadda na taɓa sai ya ce ita ce ta fi, shi dai a saya. Wani yayana da ke Ingila kuma ya ce in bari ya aiko min da kayan tsaron gida na Ring ko SimpliSafe wai su ake yayi can.

Abin da na ware bai wuce dubu 250 ba kuma ina da ɗan hannu a wayarin, ni na haɗa solar gidan da kaina, ba na son kawo baƙo ya san lungu da saƙon gidana. Wanne zan ɗauka?

Mai Wayarin T/Wada:

Wa alaikumussalam, Allah ya mayar da alheri ya kiyaye gaba. Aikina ne wannan don haka bari in ɗan yi tsawo, ka yi haƙuri.

Fara cire na Yaya daga lissafi. SimpliSafe ƙarfinsa shi ne akwai ofis da ke zaune dare da rana, ƙararrawarka na kaɗawa su kira ka su kira ƴan sanda, kuma wannan hidimar a Amurka da Ingila suke yinta, nan kwali kawai za ka samu. Ring kuma na Amazon ne, in kana son ya ajiye maka bidiyon abin da ya wuce sai ka riƙa biyan kuɗin wata da kuɗin waje, ga shi yana son Wi-Fi da ba ya yankewa. Ka gode masa, ka ce in da hali ya turo kuɗin kawai.

Ita mai sola da layi mutane na sonta don ba jan waya, ƙusa huɗu ka ɗaure ka gama. Amma abin da masu shago ba sa faɗa, yawancinsu barci suke yi don kar batiri ya ƙare, sai na'urar jin motsi ta farkar da su sannan su fara ɗauka. To tsakanin farkawa da fara ɗauka akwai ƴan daƙiƙu, ɓarawo mai sauri sai dai ka ga bayansa ko ƙafarsa tana haye katanga. Sannan ita na'urar zafin jiki take ji, lokacin bazara irin Afrilu da katanga ke kwana da zafi kamar tanda, bambancin zafin mutum da na gini ya ragu, sai ta yi nauyin ji. Da hunturu kuma ƙura ta rufe farantin caji ya ragu, in ba ka hawa kana gogewa duk sati wata rana tsakar dare za ta mutu ba ka sani ba. Ga data, in kana kallo kai tsaye da hoto mai kyau kusan giga 1 ke tafiya a awa. Layin da ka sa mata ma dole a haɗa shi da NIN kamar kowane layi, kuma ka riƙa tuna sa masa data.

Babban abin kuma da mu ƴan Zamfara bai kamata mu manta ba, Satumbar 2021 da aka rufe layukan sadarwa a jihar nan. Mu na Gusau kusan wata guda ba sabis, wasu ƙananan hukumomi sun fi haka nesa ba kusa ba, kira ɗaya sai mutum ya bar jiha. Duk wanda tsaronsa ya rataya a kan layi lokacin ya koma makaho, masu DVR kuwa injinsu na ɗauka abinsa ko a jikinsa.

Shi ya sa ni DVR nake ba mutum shawara in yana da sola a gida, kai kuma kana da ita. Na kamfanin Hikvision ko Dahua, su suka cika kasuwa kuma kayan gyaransu ba wahalar samu. Kyamara 4 da injin da faifan ajiya duka ba su cika wuce wat 40 ba da dare. Yi lissafi, batiri mai 100Ah a kan bolt 12 wat 1200 ne na awa, ko rabi ka ja ya kai ka kusan awa 15, ya ishe ka daga magariba har rana ta fito. Faifai mai tera 1 da kyamara 4 suna ɗauka ba tsayawa zai riƙe maka kamar kwana 10 zuwa 11 kafin ya fara goge na baya. In ka so gani a waya sai ka haɗa masa ƙaramar rauta mai ba shi intanet, in sabis ya tafi ba abin da ya dame shi.

Wajen sakawa kar ka kai ta can ƙololuwa don tsoron a cire, mita 2 da rabi zuwa 3 ya isa, in ta yi sama da yawa saman hula kawai za ka riƙa gani. Waya ka sayi ta jan ƙarfe zalla, akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare bakinta da wuƙa a shagon in ka ga fari ka ajiye musu. Ka bi da ita cikin fayif don rana da ɓera. Injin kuma kar ka ajiye shi a falo ƙarƙashin talabijin, wanda ya san abin shi zai fara ɗauka ya tafi da shaidar gaba ɗaya.

Dattijon Gesse:

Injiniya ya yi bayani amma ni ina da ja. Ni nan Birnin Kebbi nike, kyamara shidda ag gareni, kuɗɗi masu yawa na kashe. Bara anka shigo anka ɗauke mashin ɗin yarona cikin gareji. Da sahe munka zauna munka kalli abin awa fim, ga mutum nan ya ɗaure huska da rawani, hoto baƙi da hwari, idanu na ƙyalli awa na mussa, ya tura mashin shina tahiya a hankali ba ko gaggawa. Mun kalla ya fi sau ashirin, maƙwabta sunka zo sunka kalla, kowa ya ce Allah shi isa. Mashin dai har yau.

Abin da nika son ka gane ɗana, kyamara shaida ta, ba ta tashe ka barci. Kai da ka ce ko motsi ba ka ji ba, abin da ka rasa daren nan mai tashe ka ne. Bayan abin ga na sawo jiniya da abin jin motsi guda ukku da na ƙohwa, rahusa ƙwarai in ka gwada da kyamarori, na sa yaro ya ɗaura ta saman tanki inda dut layinmu ka ji. Munka yi magana da maƙwabta da ƴan sintirin unguwa cewa in kun ji ta ku hito da tocila da usur. Sau ɗaya ta yi aikin gaske, wanda ya hauro bai ko dira ba ya koma.

Aibinta guda, ƙarya. Satin hwarko akuya ta tashe mu, mussa ta tashe mu, har buhun da iska ya kaɗa cikin rana. Sai da wani maƙwabci yac ce min Alhaji in ta ƙara sau ɗaya ba mai hitowa. Dole munka sauke masu jin motsin daga waje munka maishe su baranda da gareji, waje kuma na ƙohwa kaɗai. Ka lura da wanga sosai, jiniyar da ta saba ƙarya ranar gaskiya kowa juyawa zai yi shi ja bargo.

Maman Biyu:

Ni ba injiniya ba ce amma a bar ni in faɗi wanda maza ba sa tunawa. Malam don Allah duk wadda za ka saya kar ka juya ta tsakar gida. Mu ne a gidan yini guda, nan muke wanki nan muke girki da ɗaurin ƙirji nan ake kitso, maƙwabta mata su shigo su cire hijabi su sha iska don sun san ba namiji. Maigidana da ya sa tamu, yaron da ya zo sakawa ya ɗora guda tana kallon tsakar gida har ƙofar banɗaki, kuma shi ya buɗe akawun ɗin da lambarsa, wata uku ashe yana iya gani a wayarsa mu ba mu sani ba, sai da ƙanena ya zo hutu ya duba ya ga waya biyu ke haɗe da ita. Ban ce ya kalla ba Allah ne masani, amma ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan ƙawayena biyu suka daina zama min a tsakar gida sai ɗaki, har yau da aka cire ta.

Tunda kai za ka haɗa da kanka ka huta da wannan, amma ka canza lambar sirrin da ta zo da ita tun ranar farko, kar ka bar 123456 ɗin nan ko sunan ɗanka. Kuma ka nuna wa matar gidan inda kowace ke kallo, ita ma a sa mata a wayarta, ita ce ke gida in an ƙwanƙwasa da rana kana kasuwa. Ni yanzu amfanin da na fi samu kenan, in ga waye a ƙofa kafin in aika yaro ya buɗe. Ka kuma duba ta saman katanga kar ta leƙa gidan mutane, ranar da aka tare a kangon nan rigima ce.

Ɗan Damba:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya wallahi kin taɓo inda ban yi tunani ba, da niyyata guda ta kalli wajen batiran kuma wajen a tsakar gida yake. Sai dai in gina musu ɗan keji da ƙofar ƙarfe in manna na'urar ƙofa a jiki, kyamarar kuma ta kalli katangar kangon daga waje.

Baba na Gesse maganarka ta shige ni, dariya na yi da na karanta amma gaskiya ce, ni ma da silifas zan zauna ina kallo. Matsalata maƙwabtan nawa ba su fi gida biyar ba kuma da ɗan tazara, amma akwai masu gadin kangaye, zan same su bayan la'asar.

Injiniya to in na ɗauki jiniya da DVR duka kuɗin ba zai kai ba ina ga. Zan iya sayen inji mai ƙofa 4, wato mai ɗaukar kyamara 4, in fara da kyamara 2? Sannan maganar rawani da hoto baƙi da fari fa, ba maganinta?

Mai Wayarin T/Wada:

Za ka iya mana, haka ma nake sa mutane su yi, inji mai ƙofa 4 kyamara 2, ɗaya ƙofar gida ɗaya bangon kango, sauran ka ƙara in Allah ya hore. Fayif ɗin dai ka ja shi har inda sauran biyun za su zauna tun yanzu kar ka zo kana fasa filasta sau biyu. Alhaji ya fi ni gaskiya a kan jiniya, ita ka fara saya, ka nemi mai batiri a cikinta wadda ko an yanke wuta za ta yi kuka, kuma ko layin ya ɗauke jiniyar na aiki kiran waya ne kawai ba zai shigo ba.

Baƙi da fari kuwa saboda hasken da take amfani da shi da dare ne wanda ido ba ya gani. Akwai masu ba da kala da dare, Hikvision suna ce ma tasu ColorVu, Dahua kuma Full-color, sun ɗan fi tsada. In kuɗi bai kai ba ka sa fitilar sola mai haske a gefen mai baƙi da farin, hasken na dukan inda mutum zai tsaya ba cikin idon kyamarar ba, da yawansu in haske ya wadata a kala suke zama. Rawani kam ba ta da maganinsa, amma kalar riga da tafiyar mutum da takalmi suna tona asiri, ɓarawon batiri da wuya ya zo daga nesa, wanda ya san ka sa ne. Kuma duk sati biyu ka sa tsintsiya ka share gabanta, gizo-gizo na son saƙa a wurin don ƙwari na taruwa, zare ɗaya da dare sai ya rufe maka rabin hoto fari fat.

Wannan duk maganar ɓarayin unguwa muke yi fa, masu batiri da mashin da tunkiya. Waɗancan na daji Allah ya raba mu da su, ba aikin kyamara ba ne.

Silifas ɗin kar ka yar, ƙafar dama ce ko hagu?

Ɗan Damba:

Hagu ce, lamba 43, an ɗaure maɗaurin da waya. Tana nan a zaure na ajiye, masu gadin ma zan nuna musu anjima.