Yaya ake kimanta gidan mamaci a Ingila kafin a biya harajin gado?

Magajiya:

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Ingila cikin watan Janairu, kuma ni ya naɗa wasiyyiya a cikin wasiyyar da ya bari. Lauya ya shaida mini cewa kotu ba za ta ba ni takardar izinin gudanar da dukiyar ba sai na lissafa darajar duk abin da ya bari, na miƙa wa hukumar haraji ta HMRC. Dukiyar dai gida ce guda ɗaya wanda babu bashi a kansa, da kuɗi a banki da hannun jari da suka kai kusan fam 60,000, sai kayan ɗaki da 'yan gwalagwalai. Ya bar komai ga 'ya'yansa, kuma tun da daɗewa suka rabu da mahaifiyarmu.

Na kira dillalan gidaje uku sun duba gidan. Na farko ya ce fam 470,000, na biyu ya ce 495,000, na uku kuma 520,000. Yayana yana ganin mu rubuta mafi ƙanƙanta tunda shi ma dillali ne ya faɗa, kuma haraji zai ragu. Ni hankalina bai kwanta ba. Wanne doka ta yarda da shi?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi.

Doka ba ta ba ki zaɓi tsakanin farashi uku ba. Abin da dokar harajin gado ta 1984 ta nema shi ne kuɗin da ake kyautata zaton gidan zai yi da an sa shi a kasuwa a ranar da mamacin ya rasu, tsakanin mai sayarwa da ba a matsa masa ba da mai saye da ya san abin da yake saye. Ranar rasuwa ce ma'auni, ko da kasuwa ta tashi ko ta faɗi bayan nan. Su kuwa dillalai, abin da sukan faɗa shi ne farashin da za su sa a talla, kuma wani yakan ɗaga shi domin ki ba shi cinikin, shi ya sa kika ga tazarar fam 50,000 a tsakaninsu.

Dalilin da ya sa batun ya yi nauyi a wajenku shi ne kuna dab da iyaka. Ba a biyan haraji a kan fam 325,000 na farko, kuma idan gidan da mamaci ya zauna ciki ya faɗa hannun 'ya'yansa ko jikokinsa, ana ƙara sassaucin fam 175,000, wato fam 500,000 ke nan gaba ɗaya. Abin da ya haura haka ana karɓar kashi 40 cikin 100 a kansa. Da a ce mahaifiyarku rasuwa ta yi tana matarsa, da an duba ko za a ɗora nata sassaucin da ba a yi amfani da shi ba a kan nasa, amma tunda saki ne ya raba su, wannan ƙofar a rufe take. Saboda haka idan kika rubuta 470,000, aka haɗa da fam 60,000 na banki da hannun jari, jimilla ta zama 530,000, haraji kuma fam 12,000. Idan kika rubuta 495,000, haraji ya zama fam 22,000, kafin a cire basussuka da kuɗin jana'iza. Hukuma ta san wannan lissafin sarai, kuma tana da nata masu kimanta gidaje waɗanda ke duba rajistar filaye su ga nawa aka sayar da gidajen da ke kan layi ɗaya da naku a watannin da suka kewaye rasuwar.

Shawarata ita ce ki biya ƙwararren mai kimanta gidaje wanda yake da rajista da ƙungiyar RICS, wato ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye, ki gaya masa a fili cewa kimantawar ta harajin gado ce, kuma a kan ranar rasuwa za a gina ta. Zai rubuta rahoto mai ɗauke da gidajen da ya kwatanta da naku, da abin da ya gani da idonsa: rufin da ke yoyo, danshin da ya kama bango, tsofaffin wayoyin lantarki, ko kuma filin bayan gida da za a iya ƙara gini a kai, domin shi ma wannan yana ƙara daraja kuma dole a ambace shi. Idan rahotonsa ya fito da adadi ƙasa da na dillalan saboda lalacewar da ke gidan, kina da hujjar da za ki tsaya a kai. Idan kuwa kika zaɓi ƙaramin adadi babu hujja, tarar sakaci tana iya kaiwa kashi 30 cikin 100 na harajin da aka rage, ta ganganci kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Sa hannunki ne zai kasance a kan takardar IHT400, wato takardar lissafin dukiyar mamaci da ake miƙa wa HMRC, ba na yayanki ba, kuma wasiyyi ake bi idan lissafi ya karkace.

Dattijo:

Allah ya gafarta masa. Na yarda da Malam Mai Lissafi, sai dai ina so 'yata ta sani cewa tsoron ɗaga farashi bai kai yadda mutane suke zato ba. Idan aka biya haraji a kan wani adadi, sannan aka sayar da gidan a kasuwa cikin shekara huɗu da rasuwa a kan kuɗin da bai kai wancan ba, wasiyyi yana iya cika takardar IHT38 ya nemi a mayar masa da rarar harajin, matuƙar ba wa magajin gidan ko makusancinsa aka sayar ba. Hannun jarin da ke kasuwar hada-hada ma yana da irin wannan sassauci, amma wa'adinsa wata 12 ne.

Akwai kuma ɗaya fuskar da yayanki bai duba ba. Darajar da aka tsayar ranar rasuwa ita ce ake ɗauka a matsayin kuɗin da kuka samu gidan idan kun tashi sayarwa. Duk abin da ya hau kanta riba ce a idon hukuma, kuma akwai harajin ribar kadara a kai. Wanda ya rubuta 470,000 sannan ya sayar a kan 520,000 bayan wata biyar ya jawo wa kansa tambaya biyu a lokaci guda, domin ko dai a ce ya ci riba a caje shi, ko a ce tun farko ya ɓoye darajar gidan.

Uwar Gida:

Ina yi miki ta'aziyya, 'yar'uwa. Maganar gida ta cinye hankalin kowa, alhali ƙananan abubuwa ne suka fi ɓata wa wasiyyi lokaci. Ki rubuta wa kowane banki ya ba ki adadin da ke asusun a ranar rasuwa, haɗe da kuɗin ruwan da ya taru har zuwa wannan rana. Hannun jari yana da nasa tsarin: ana duba farashi biyu da aka buga na ranar, a ɗauki na ƙasa a ƙara masa rubu'in tazarar da ke tsakaninsu. Kayan ɗaki kuwa ana rubuta abin da za a samu idan aka sayar da su a matsayin na hannu, ba kuɗin sayen sababbi ba, kuma ba adadin da ke takardar inshora ba. Kujerar da aka saya da tsada shekara 15 da suka wuce tana iya zama ba ta da wata daraja yau. Gwalagwalan ne kawai zan ce ki kai wa masani ya auna ya rubuta miki.

Sannan ki binciki kyautar da marigayi ya yi cikin shekara bakwai kafin rasuwarsa. Idan ya ba wani daga cikinku kuɗi masu yawa, abin da ya wuce fam 3,000 da aka yafe a kowace shekara zai fara cin wancan fam 325,000 kafin a zo kan gidan. Tambaya ce mai nauyi a tsakanin 'yan'uwa, amma takardun banki za su nuna ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Magajiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nemi mai kimantawar, kuma zan nuna wa yayana waɗannan bayanai. Saura tambaya ɗaya: yaushe ne wa'adin biya, kuma da wane kuɗi zan biya tunda banki ya rufe asusun?

Mai Lissafi:

Wa'adin shi ne ƙarshen wata na shida bayan watan rasuwa, wato 31 ga Yuli a wajenki, daga nan kuɗin ruwa zai fara hawa. Yawancin bankuna suna tura haraji kai tsaye daga asusun mamaci zuwa HMRC idan kika cika takardar IHT423, ba sai izinin kotu ya fito ba. Kason harajin da ya shafi gidan kuma ana iya rarraba shi kashi goma, ana biyan ɗaya kowace shekara tare da kuɗin ruwa, amma da zarar an sayar da gidan dole a biya ragowar gaba ɗaya.