Neman shawara: aikin kammala karatu kan tace ruwan rijiyar mai a teku

Ɗalibi daga Birnin Kebbi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a sashen lantarki, an ba ni aikin kammala karatu kan yadda kwamfuta ke sarrafa tace ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai a rijiyoyin teku kafin a zubar da shi. Ga ni a Kebbi, ban taɓa ganin teku ba, kuɗina kuma ba su wuce na Arduino (ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori) da ƙaramin famfo ba. Daga ina zan kama?

Ɗan Jega: Wa alaikumus salam. Ka roƙi malaminka ya sauya maka da ban ruwan shinkafa, ga fadama nan a ƙofar gida.

Injiniya daga Gusau: A'a, ƙanena, riƙe abinka. Na yi aiki a irin jiragen da ke haƙo mai a teku, kamar na filin man Bonga a tekun Najeriya da ya fara aiki a 2005, kilomita kusan 120 daga gaɓa. Rijiya tana tsufa, ruwanta yana ƙaruwa, har ya fi man yawa. Ana fara zuba shi a babban tanki inda gas ke tashi, mai ya taso, ruwa ya kwanta. Daga nan ruwan ya shiga haidrosaiklon, bututu mai tsukewa da ke juya shi da ƙarfi, mai ya taru tsakiya ya fita ta wata ƙofa. Ƙa'idar Najeriya a teku ita ce kada mai ya wuce miligiram 40 a kowace litar ruwan da za a zubar. A Tekun Arewa na Turai 30 ne.

Ga inda aikinka yake. Bawul ɗin (mabuɗin bututu) da ke riƙe tsayin ruwa a tanki shi ne kuma ke yanke yawan ruwan da ke ratsa haidrosaiklon. Da rijiya ta turo ruwa da yawa lokaci guda, sai bawul ya buɗe gaba ɗaya, matsi ya rikice, mai ya bi ruwa zuwa teku. Na'urori biyu, mai kula da tsayin ruwa a tanki da mai kula da matsi a haidrosaiklon, kowace da abin da take karewa, suna ja-in-ja. Nuna yadda za a sassauta wa tsayin ruwan ya ɗan hau ya sauka domin kwararar ta zauna daidai, ka gama.

Malama daga Argungu: Ba sai da haidrosaiklon ba. Samu jarka mai haske, ka karɓo baƙin mai wurin makanikai, ka gina tankin kawai da na'urar auna tsayi da bawul ɗaya. Sauran ka kwaikwaye shi a MATLAB, manhajar lissafi ta kwamfuta. Don Allah kuma kada ka zubar da ruwan gwajin a kwata.

Ɗalibi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya Injiniya, da me zan gane iyakar mai da ruwa?

Injiniya: Wutar lantarki tana ratsa ruwa, ba ta ratsa mai. Jera wayoyi a bangon jarkar daga ƙasa zuwa sama, ka zuba gishiri a ruwan kamar na teku, Arduino zai karanta. Ka riƙa goge bakin wayoyin, mai yana liƙe musu.