Neman shawara: na tsaya a Husufin Berserk, na kasa yanke hukunci a kan Griffith

Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na kammala kallon anime (fim ɗin zane na Japan) ɗin Berserk na shekarar 1997, mai kashi 25, kuma ban taɓa ganin labarin da ya ƙare ya bar ni cikin irin wannan damuwa ba. Na bi Guts tun yana sojan haya shi kaɗai har Griffith ya kayar da shi ya sa shi cikin rundunarsa ta sojojin haya, Rundunar Shaho, na ga yadda suka ƙwace ganuwar Doldrey suka kawo ƙarshen yaƙin shekara ɗari tsakanin Midland da Tudor, sai ga shi a ƙarshe rana ta yi husufi, Griffith ya miƙa mutanensa hadaya, aka hallaka Judeau da Pippin da Corkus, aka kuma yi wa Casca, jarumar rundunar, abin da ba na son maimaitawa.

Abokina da ya nuna mini wannan labari ya dage cewa Griffith ba shi da laifi. Hujjarsa ita ce tun yana yaro jan ƙwan nan da ake kira Behelit ya zo hannunsa, saboda haka an riga an tsara masa komai, kuma idan ma akwai mai laifi to Guts ne, domin shi ya tafi ya bar shi. Zuciyata ta ƙi karɓar wannan magana, amma na rasa amsar da zan ba shi. Shin manga ɗin, wato littafin zanen da aka ciro anime ɗin daga ciki, ta goyi bayansa? Idan zan karanta, in fara daga inda anime ya tsaya ne ko daga farko? Kuma tun da marubucin ya rasu, akwai amfanin in shiga labarin da mai shi bai ƙarasa ba? Ban damu ba ko kun faɗa mini abin da ke gaba.

Malam Nura:

Wa alaikumus salam, Malam Sadiq. Ka fara daga juzu'i na 1, kada ka tsallake komai, domin amsar da kake nema wa abokinka tana cikin juzu'i uku na farko, waɗanda anime ɗin 1997 ya taɓa kaɗan kawai a kashinsa na farko ya wuce.

A can za ka haɗu da wani basarake da labarin ke kira Count, mutumin da ya rikiɗe ya zama dodo bayan ya miƙa matarsa hadaya a ranar da ya kama ta tana cin amanarsa. Da Guts ya yi masa raga-raga yana gab da mutuwa, sai Behelit ya sake buɗe masa ƙofa, manyan aljanun nan biyar da ake kira God Hand suka bayyana, har da Griffith a sabuwar siffarsa ta Femto. Suka ce masa zai sami sabon jiki idan ya miƙa 'yarsa Theresia, idan kuwa ya ƙi, za a ja ransa zuwa ramin azaba. Wannan mutum mai cin naman mutane, wanda ya kashe bayin Allah da yawa da sunan farautar 'yan bidi'a, ya dubi 'yarsa ya kasa furta kalmar, aka kuwa ja shi yana ji yana gani. Kentaro Miura ya ajiye wannan labari a gaban mai karatu tun kafin ya ba shi tarihin Rundunar Shaho, kuma ban yarda cewa hakan ya zo ne bisa kuskure ba. Ya koya mana dokar duniyar da ya ƙirƙira: aljanun suna iya shirya hanya, suna iya kai mutum ƙarshen wahala, amma hadaya ba ta ƙulluwa sai mutum ya yarda da kansa, kuma dole abin da za a miƙa ya kasance abin da yake ƙauna ƙwarai. Idan Count ya iya ƙi, to Griffith ma yana iya ƙi.

Game da ɗora wa Guts laifi, ka tuna abin da ya sa ya tafi. A daren da ya kashe Julius, ɗan'uwan sarkin Midland, bisa umarnin Griffith, har ya soke ƙaramin ɗansa Adonis ba da niyya ba, ya dawo jina-jina ya ji Griffith yana gaya wa Gimbiya Charlotte cewa abokinsa na gaskiya shi ne wanda yake da burin kansa, wanda ba ya rayuwa a inuwar burin wani. Guts ya ɗauki maganar da muhimmanci, ya tafi neman abin da zai sa ya cancanci wannan abota. Griffith kuwa ya zare takobi domin ya hana shi tafiya, kamar yadda mutum ke tare dukiyarsa, kuma da ya sha kaye a cikin dusar ƙanƙara, shi da ƙafarsa ya shiga ɗakin gimbiya a wannan dare, abin da ya jawo masa shekara guda ta azaba a kurkuku, ya kuma jefa rundunarsa cikin gudun hijira. Babu wanda ya tura shi.

Bashir:

Malam Nura, da izininka, ina ganin abokin Sadiq yana da ɗan abin kamawa, kuma bai kamata a watsar da shi gaba ɗaya ba. Labarin da kansa yana nanata cewa akwai wata sarƙa ta sanadi da sakamako da ke jan mutane. Husufin nan yana zuwa ne sau ɗaya a shekara 216, kuma dodon nan mayaƙi Zodd ya yi wa Guts gargaɗin mutuwa tun lokacin da ya ga jan Behelit a wuyan Griffith, wato tun kafin a yi tunanin rabuwarsu. Ƙwan ya ɓace a kurkuku, ruwa ya tafi da shi, amma ya dawo hannun Griffith a daidai lokacin da ya yi yunƙurin kashe kansa a cikin tafki ya kasa. Akwai kuma babi na 83, wanda aka buga a mujallar Young Animal amma Miura ya nemi a cire shi daga juzu'in da aka tattara, inda Griffith ya gana da wata halitta da ta samu daga buƙatar 'yan Adam ta neman dalilin wahalarsu, ta kuma shaida masa cewa ita ta saƙa tarihi da zuriya domin a haife shi.

Sannan a dubi halin da yake ciki. An yanke masa harshe, an tsinke jijiyoyin hannuwansa da ƙafafunsa, mutumin da ya kusa zama surukin sarki ya koma ba ya iya riƙe cokali, Ubik, ɗaya daga cikin God Hand, kuma ya nuna masa cewa duk gawarwakin da ya taka a hanyarsa za su tashi a banza idan ya tsaya. Ban ce ya yi daidai ba. Abin da nake cewa shi ne an matse shi matsewar da ba a yi wa Count ba, kuma wanda bai ji tausayinsa a keken dokin da aka kwantar da shi bayan an fito da shi daga kurkuku ba, bai karanta labarin da zuciya ba. Sai dai ina jan hankalin Sadiq kada ya gauraya wannan sarƙa ta cikin littafi da ƙaddara yadda muka san ta a addini, domin ƙirƙira ce ta marubuci, dokokinta kuma a cikin shafukansa suka tsaya.

Hauwa:

Yaya Bashir, ni ma na ji tausayinsa a keken dokin, kuma na yarda cewa an matse shi. Amma ko a babin nan na 83 da ka kawo, abin da halittar ta ce masa a ƙarshe shi ne ya aikata yadda ya so. To, mu dubi abin da ya so. Hadaya ta riga ta cika, ya riga ya zama Femto, babu sauran jijiyar da ke masa ciwo, kuma aikin farko da ya yi da sabon ikonsa shi ne keta mutuncin Casca a gaban Guts, yana kallon idonsa. Babu sharaɗin da ya wajabta masa wannan. Casca ita ce yarinyar da ya jefa wa takobi ta kare kanta daga wani basarake, ita ta riƙe masa runduna tsawon shekara guda ana farautarsu, ita ta shiga har ƙarƙashin hasumiya tare da Guts da Judeau da Pippin suka ɗauko shi. Duk wanda ya ce mutumin da ya yi mata haka ba shi da laifi, to ya cire Casca daga lissafi ne, kamar ita ba mutum ba ce a cikin labarin.

Akwai abin da nake so Sadiq ya sani kafin ya fara, domin manga ɗin ba ta bar Guts ma ya tsira da hujja ba, kuma a wurina wannan ne ya sa ta fi anime nisa. Bayan ya rasa hannunsa na hagu da idonsa na dama, ya bar Casca, wadda hankalinta ya gushe, a kogon maƙeri Godo, ya tafi farautar dodanni shekara biyu. Da ya dawo ya tarar ta ɓace, tsohon maƙerin yana kwance a gadon mutuwa ya faɗa masa gaskiya: ramuwar da yake tinƙaho da ita gudu ce daga baƙin cikin da ya kasa zama ya fuskanta. Daga nan alƙiblar labarin ta juya, daga neman kan Griffith zuwa neman lafiyar Casca, har Guts, wanda ba ya yarda a taɓa jikinsa saboda abin da aka yi masa yana yaro a sansanin Gambino, ya yarda Farnese da Serpico da Isidro da Schierke su bi shi, domin ya gane cewa shi kansa ya zama haɗari gare ta. Ni wannan ɓangaren ne ya riƙe ni, fiye da yaƙe-yaƙen.

Ina kuma gargaɗinka, ɗan'uwa, cewa littafin ya fi anime tsanani nesa ba kusa ba. Akwai fyaɗe da azabtarwa da tsiraici da aka zana a fili, har akwai wuraren da nake ganin Miura ya wuce gona da iri, musamman ɓangaren dodon nan Wyald wanda anime ɗin 1997 ya cire. Kada ka bar shi a inda ƙannenka za su gani, kuma idan wani shafi ya yi maka nauyi, ka wuce shi.

Aminu:

Zan amsa tambayarka ta uku, Malam Sadiq. Miura ya fara Berserk a 1989, ya rasu ranar 6 ga Mayu 2021 yana da shekara 54, sanadiyyar tsagewar babbar jijiyar zuciya. Babi na 364 shi ne na ƙarshe da ya yi aiki a kansa, yana cikin juzu'i na 41. A watan Yuni 2022 mataimakansa na Studio Gaga suka ci gaba da zanen a ƙarƙashin kulawar Kouji Mori, amininsa tun suna makarantar sakandare, wanda ya bayyana cewa Miura ya ba shi labarin har ƙarshensa, kuma abin da ya ji daga bakinsa kaɗai zai rubuta. Za ka lura da cewa maganganun jarumai sun ragu a sababbin babukan, amma juzu'i 41 na hannun Miura sun isa dalilin karatu ko da ba a ƙara komai ba. Kamfanin Dark Horse ne ke buga fassarar Turanci, yana kuma da babban bugu da ya fara fitowa a 2019, mai haɗa juzu'i uku-uku. Anime ɗin 2016 kuwa ka bar shi sai daga baya, domin zanen kwamfutar da aka yi amfani da shi bai kama ƙafar alƙalamin Miura ba.

Sadiq:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Labarin Count zan kai wa abokina, tare da maganar Malama Hauwa. Saura abu ɗaya: anime ya ƙare Guts yana tsakiyar dodanni, sai kawai aka nuna shi a raye. Ta yaya shi da Casca suka fita, kuma ina Rickert, ƙaramin yaron rundunar, ya shiga?

Malam Nura:

Wanda ya fitar da su wani mahayi ne mai sulken ƙwarangwal da ake kira Skull Knight, kuma anime ɗin 1997 ya cire shi gaba ɗaya, shi ya sa ƙarshen ya zo maka a yanke. Ya fafata da Zodd a waje, ya fasa cikin husufin, ya kai wa Void, jagoran God Hand, sara, ya ɗauko su biyun ya miƙa wa Rickert, wanda ya tsira saboda ba ya tare da rundunar a lokacin, don haka tambarin hadaya bai hau jikinsa ba. Wannan tambari yana wuyan Guts, yana kuma ƙirjin Casca, shi ne ke zubar da jini yana jawo musu mugayen ruhohi duk dare. Akwai alamu masu ƙarfi da ke danganta mahayin da Gaiseric, sarkin da ya haɗa ƙasashen yankin shekara 1000 da suka wuce, kuma za ka fara tsintar su a lokacin da Charlotte ke ba da tarihin hasumiyar da aka tsare Griffith, saboda haka ka karanta wannan wurin a hankali.

Rickert kuma kada ka ɗauke ido daga kansa. Shi ya harhaɗa wa Guts hannun ƙarfe mai igwa a ciki, shi ya kafa takubba a kan tudu domin tunawa da 'yan rundunar da suka mutu, kuma da ya je Falconia, birnin da Griffith ya kafa bayan ya dawo duniya a jikin mutum, inda talakawa ke kallonsa a matsayin mai ceto, ya tsaya a gabansa ya kwaɗa masa mari, ya ƙi shiga sabuwar rundunarsa. Idan ka kai wannan babi, ka nuna wa abokinka shi tare da na Count.