Ruwa ne kaɗai ya ɗauke gidan gwamna daga Damagaram zuwa Yamai?

Malam Issufu: Jama'a, barkanku da yamma. Maganar da ake ta yi, wai ƙarancin ruwa ne kawai ya sa Faransa ta ɗauke gidan gwamna daga Damagaram ta kawo Yamai a 1926, ni ban yarda da ita ba. Damagaram ta riƙe kujerar tun 1911. Shekara 15 nasara na shan ruwan rijiyoyin nan. Sai a 1926 ƙishirwa ta kama su?

Alhaji Garba: Malam, kada ka raina batun ruwa. Garin a kan dutse yake zaune. Mai haƙar rijiya yakan wuce yashi da ruɓaɓɓen dutse, sai diga ta buga fa, ta tsaya. Ruwan da ake samu wanda ya maƙale ne a saman fan da cikin tsagoginsa, bazara na yi ya ja baya. Sauran sai tabkuna da kududdufai, su kuma ga kurkunu. Shi ya sa daga baya aka je neman ruwan garin can Arunguza da Gogo da Machaya. Kuma barikin soja daban, mazaunin gwamna daban. A 1922 aka mai da Nijar koloni, aka naɗa farar hula, Jules Brévié. Gwamna na zuwa da ma'aikata da iyalansu, da baitulmali, da asibiti, da lambu. Rijiyar da ta ishi sojoji ba za ta ɗauki wannan ba.

Hajiya Rabi: Alhaji, ka faɗi gaskiya, amma rabi. Ku dubi hanya. Daga Damagaram zuwa Kano kusan kilomita 240 ne, kuma layin dogo ya isa Kano tun 1911. Ke nan wasiƙar gwamnan Faransa, da kayansa, da shi kansa in zai tafi gida, hanya mafi sauƙi ita ce ta ƙasar da Ingila ke mulki. Wane mai mulki zai so wuyansa a hannun kishiyarsa? Yamai kuwa tana fuskantar Dahome (Benin ta yau) da Wagadugu, duk ƙasar Faransa.

Malam Issufu: Madalla, Hajiya. Ƙara da wannan: dokar 28 ga Disamba 1926 da ta mai da Yamai babban birni ita ce ta yanko yankin Say daga Haute-Volta (Burkina Faso ta yau) ta haɗa wa Nijar. Ƙasar ta ƙaru ta yamma, kujera ta bi. Ga kuma rashin yarda. A Damagaram aka kashe Kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a 1898, a 1906 kuma Faransawa suka tuɓe sarki bisa zargin shirya tawaye. Gari ne mai fada, mai malamai, mai attajirai masu hulɗa da Kano. Yamai lokacin ƙauyuka ce a bakin kogi, babu sarkin da zai yi gogayya da gwamna.

Baba Magini: 'Ya'yana, bari in sa baki ta wajen gini, don gidan ake magana. Ginin ƙasa ruwa yake ci. Za a jiƙa ƙasa, a tattake ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku ana ƙara ruwa, sannan a yi tubali, ya bushe. Bangon babban gida kaurinsa a gindi ya kai santimita 60 ko fiye. Azarar giginya ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce mita 2 sai da baka ko ginshiƙi, in ba haka ba rufi ya lotsa, ruwan damina ya kwanta, ya yi yoyo. Indararo in ya yi gajere, ruwa ya zubo a jikin bango ya ci gindinsa. Duk wannan aikin rani ne, daidai lokacin da rijiya ke ƙafewa. A bakin kogi magini ba ya jiran ruwa.

Hajiya Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma fadar Sarkin Damagaram da ganuwar Birni da wane ruwa aka gina su? Tun ƙarni na 19 suke, fadar na nan tsaye. Kuma gidan gwamna a Yamai ba a bakin ruwa aka sa shi ba, a kan tudun Filato ne, yana kallon kogi daga sama, don iska da nisantar sauro da unguwannin talakawa. Ruwan sai an hau da shi. Su wa suka ɗauko? Aikin dole bai ƙare ba sai 1946.

Alhaji Garba: Wannan kam ba musu. Amma ɗauko ruwan da ke akwai daban, neman wanda babu daban.

Malam Issufu: Alhaji, na karɓi ruwa a matsayin dalili ɗaya, kalmar "kaɗai" ce na ƙi. Gidan nan na Filato shi ya zama fadar shugaban ƙasa bayan 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, ya zauna ciki har daren 15 ga Afrilu 1974 da sojoji suka hamɓarar da shi. Yaran da ke wucewa ta gabansa kullum ya kamata a koya musu layin dogon Kano da dokar Say tare da rijiyoyin Damagaram.

Alhaji Garba: A koya musu, amma a fara da rijiyoyin.